Me ya sa na hana ka hawa babban jirgi tukuna

Jiya da muke naɗe igiyoyi ka ce mini: "Maigida, shekarata biyu ina kifewa a wannan ɗan ƙaramin jirgi, yaushe za ka bar ni in hau babba mai ƙarfe a gindi?" Ban amsa ba a lokacin don na ga ranka a ɓace yake. To zauna ka ji, yarona.

Jirgin da kake rainawa, Laser, ƙaramin jirgin ruwan tsere na mutum ɗaya da iska ke turawa, tsawonsa mita 4 ne da ɗan ɗoriya, nauyinsa kusan kilo 59. Ka fi shi nauyi. Ba abin da ke tsayar da shi sai jikinka. In iska ta buso ba ka saƙala ƙafa a madauri ka kwanta waje ba, ruwa za ka sha nan take. In ka ja igiyar filafili fiye da kima, zai gaya maka kafin ka ƙifta ido. Wannan kifewar da kake jin kunyarta, ita ce karatun. Na lura tun damina ka fara gane iska tun ba ta iso ba, in ka hango fuskar ruwa ta yi duhu can gaba sai hannunka ya sassauta igiya da kansa. Ni ban koya maka haka ba, jirgin ne.

Babban kuwa, irin Star, ya haura kilo 600, kuma fiye da rabin nauyin yana can ƙasa a ƙarfen gindi. Zai karkata ya dawo, da wuya ya kife. Ka yi kuskure ba zai jefa ka ruwa ba, sai dai ka ga abokan tsere suna wuce ka ɗaya bayan ɗaya, ba ka san dalili ba. Ga kuma mutum na biyu a ciki, wanda wahalarsa duka tana rataye da hannunka a sandar tuƙi.

Dubi Robert Scheidt na Brazil. A tafkin Guarapiranga na Sao Paulo ya fara tun yana yaro. A Laser ya ci zinare a Olamfik na 1996, azurfa a 2000, zinare kuma a 2004. Sai bayan nan ya koma Star tare da Bruno Prada, suka ɗauki azurfa a 2008 da tagulla a 2012. Azurfar 2000 ma akwai darasi a ciki: a tseren ƙarshe a Sidni, Ben Ainslie na Ingila ya manne masa, ya riƙa tare masa iska har ya tura shi bayan kowa. Irin wannan kokawar ta jirgi da jirgi, a ƙarami ake sanin ta.

Ban ce za ka tsufa a Laser ba. Ranar da na ga ka zagaye tuta ta farko da ke nuna hanyar tsere a ruwa cikin iska mai ƙarfi idonka na kan abokan tsere, ba kan igiyar hannunka ba, da kaina zan nemo maka wanda za ku hau babban tare.

Gobe ka zo da wuri. Zaren da ke jikin filafilinka na hagu, mai nuna maka yadda iska ke bi, ya tsinke, shi ya sa kake ɓata hanya in ka nufi inda iska ke fitowa. Za mu liƙa sabo, sannan ka kifar da jirgin sau 5 da gangan, ka taka allon da ke fitowa a ƙarƙashin jirgin ka tayar da shi ina kallo.