Tambaya da Amsa: Masu Fistol Mai Dabul-Akshin Sun Raba Min Hankali

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na shiga ƙungiyar masu wasan harbi, na kuma samu lasisi. Ina son in sayi fistol mai dabul-akshin, irin mai ɗura wa kanta harsashi, amma waɗanda suka mallake ta sun raba min hankali. Wani ya ce ba ta da ta biyu, wani ya ce ya yi da-na-sanin sayenta. Wa zan bi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Dukkansu gaskiya suka faɗa maka, kuma a kan abu ɗaya suke magana: jan kunama na farko.

A wannan bindiga, idan 'yar gudumar da ke bayanta, mai bugu don harsashi ya tashi, tana kwance, yatsanka ne zai yi aiki biyu, abin da ake nufi da dabul-akshin ke nan. Shi zai ɗana gudumar, shi kuma zai sake ta. Shi ya sa jan farko yake da tsawo da nauyi, wajen kilo 5. Da harsashin ya tashi, murfin sama zai zame baya, ya tofar da kwanso, ya ɗauko sabon harsashi daga kurtun harsasai, ya bar gudumar a ɗane. Daga nan jan ya koma gajere, kamar kilo 2. Wannan sauyin shi ne tushen gardamar. Ba sabon tsari ba ne kuwa, tun 1929 kamfanin Walther na Jamus ya fito da shi a samfurin PP.

Ba na manta ranar da na fara riƙe Beretta 92 a filin atisaye. Na ja, na ja, har bakin bindigar ya sunkuya ban sani ba, harsashin ya faɗa can ƙasan allon. Na biyu kuwa ya tashi tun ban gama saiti ba, don yatsana yana jiran nauyin ɗazu. Masu kushe ta nan suke tsayawa, su koma irin su Glock 17, wadda janta iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ko sojan Amurka, da suka ɗauki Beretta a 1985 da sunan M9, a 2017 sun zaɓi SIG P320 mai ja iri ɗaya.

Ni dai ina cikin masu ƙaunarta, ba zan ɓoye maka ba. Nauyin nan da ake kuka da shi, shi ne ke ba mutum damar janye yatsa kafin aikin gama ya gama. Sannan gudumar a fili take, idonka na ganinta. Lokacin mayar da bindiga kube nakan ɗora babban yatsana a kanta, in ta motsa zan ji nan take. Masu CZ 75, ita ma mai dabul-akshin, wadda ta fito a Cekoslobakiya a 1975, yawanci riƙonta suke yabo, da yadda nauyin ƙarfenta ke shanye bugun harbi. Masu Beretta kuwa sukan yi ƙorafin kaurin mariƙi, musamman mai ƙaramin hannu, da makullin hana harbi da ke jikin murfi, wanda kan kulle ba da niyya ba idan ana ja da murfin baya.

Abin da ya fi damuna, kuma ba kasafai masu ita ke faɗa wa sabon shiga ba: in ka gama harbi, gudumar na nan a ɗane, kunama kuma ta yi laushi. Mafi yawan samfuran suna da maɓallin sauke guduma, sai ka saba danna shi har ya zama maka jiki, bakin bindiga na kallon allo, yatsa a waje. Asalin CZ 75 makulli gare ta a maimakon wannan maɓalli, don haka ka tambaya kafin ka saya.

Ka je ƙungiyarku ka ari guda, mai koyarwa na tsaye kusa da kai. Ka yi harbi bibbiyu, na farko da guduma a kwance, na biyu a ɗane, ka sauke, ka maimaita sau 20. In yatsanka ya kai kunama ba tare da ka karkace riƙo ba, kuma kana da lokacin zuwa atisaye a kai a kai, saye ta. In sau biyu a shekara za ka leƙa filin, ɗauki mai ja iri ɗaya.