Amsa: Shin manyan finafinan yanzu suna aron salon finafinan farfaganda?

Malam, ka tambaya ko masu shirya manyan finafinan Amurka suna kwaikwayon finafinan farfaganda na da. Ƙwarai kuwa suna yi.

Dubi fim ɗin Triumph of the Will da Bajamushiya mai shirya fim Leni Riefenstahl ta fitar a 1935, kan gangamin 'yan jam'iyyar Nazi ta Hitler a birnin Nuremberg na Jamus. Takan kafa kyamara a ƙasa tana kallon sama, sai Hitler ya yi girma kamar tsauni, jama'a kuwa sahu-sahu iya ganinka, ba ka rarrabe fuskar kowa. To ka tuna fim ɗin zane na yara The Lion King na 1994: kuraye suna fareti, ƙafafu na tashi tare, mugun zakin nan Scar yana can saman dutse yana kallonsu. Wannan hoton aka ɗauko, don ko yaro ya gane mugu ne ke mulki.

Abin da ya fi damuna shi ne idan aka yi wa jaruman kirki irin wannan ado, kamar bikin rataya lambar yabo a ƙarshen Star Wars na 1977. A nan tsigar jikin mai kallo ke tashi don sha'awa, ya yi ta tafi, bai san tushen dabarar ba.