Kaya Mai Nauyi Ma Sai An Ɗaure Shi?

Tambaya: Ni direban babbar mota ne, ina yawan ɗaukar injina da ƙarafa. Maigidana da ya koya mini tuƙi yakan ce in kaya ya kai tan 10, nauyinsa kaɗai ya isa ya zaunar da shi, igiya ado ce kawai. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, Allah ya saka wa maigidanka da alheri kan sana'ar da ya koya maka, amma a nan bai yi daidai ba. Ina roƙonka kada ka sake hawa hanya da wannan tunani.

In ka taka birki da ƙarfi, motar ce ke tsayawa. Kayan da ke bayanka bai san an taka ba, gaba yake son ci da gudun da ya zo da shi, kuma kai ne a gabansa. Shi ya sa ƙa'idar Turai mai lamba EN 12195-1 da dokar manyan motoci ta Amurka suka haɗu a kan lissafi ɗaya: dole ɗaurin ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan ta gaba, da kashi 50 ta gefe da ta baya. Injinka mai tan 10, a birkin gaggawa, zai tunkaro kan mota da ƙarfin tan 8.

To me ke riƙe da shi? Kamun da ke tsakanin gindin kayan da daɓen bodi. Katako a kan ƙarfe yana riƙe wajen kashi 30 ne kacal, wato tan 3. Saura tan 5 babu mai tare su sai abin da ka ɗaura. Ƙarin nauyi kuwa ba ya gyara komai, domin yadda yake ƙara kamun, haka yake ƙara turin. Akwati mai kilo 100 da injin mai tan 10 a birki ɗaya za su zame, sai dai ɓarnar ba ɗaya ba ce. In daɓen ya jiƙe da mai ko yashi ya kwanta a kai, ɗan kamun ma ya ragu, don haka tsintsiya na cikin kayan aikin lodi. Shimfiɗar roba mai hana santsi kuwa takan kai kamun zuwa kashi 60.

Abu mafi sauƙi da nake ganin ana sakaci da shi shi ne giɓi. Jingina kayan da bangon gaba na bodi, in rabon nauyi a kan tayoyi ya ba da dama. In bai ba da ba, cike tsakanin da katako mai ƙwari. Kaya in ya sami ko taku ɗaya na gudu, ba turi zai yi ba, duka zai kai. Mai nauyi ya zauna a ƙasa kuma a tsakiya, don kada motar ta kife a kwana.

Bel ɗin da aka yafa ta sama aikinsa danne kayan ne. Yana ci sosai in ya sauko kusan a tsaye. In ya kwanta ƙasa da digiri 30, kusan aikin banza ne. Ga inji, sarƙa ka sa daga kunnuwansa kai tsaye zuwa ƙugiyoyin bodi, gaba da baya. Duba tambarin kowane bel ka ga nauyin da zai iya. Wanda ya tsage ko aka ƙulla shi, yar da shi. Na taɓa shafa wani sabon bel da ya bi ta kan kaifin ƙarfe ba kariya: kafin yamma zarensa ya tashi kamar gashi, rabin faɗinsa ya yanke. Tamfol kuwa ruwa da ƙura yake tarewa, ba ya riƙe kaya.

Bayan ka tashi, kayan zai zauna, ɗaurin ya saki. Dokar Amurka ta ce a tsaya a duba cikin kilomita 80 na farko, sannan duk bayan awa 3 ko kilomita 240. Sauka da kanka ka ja kowane bel da hannunka, kada ka bar wa yaron mota shi kaɗai.