Filin Anti: "In na yi daidai sa'a ce, in na yi kure ni ce ban iya ba"

TAMBAYA

Salamu alaikum Anti, da hwatan kina lahiya ke da iyali. Ƙanwarki ce daga Tawa, ina aikin kwantabul a wata ƙungiya mai zaman kanta yau shekara 3. Watan jiya na yi kure cikin rapor ɗin kuɗi, na shigar da wata hwaktir ta jikka 85 sau biyu, biro na Yamai suka maido da takardun, shef ya yi min hwaɗa gaban mutane. Wallahi Anti tun rannan ba ni barci, gani nake ni dai ban taɓa iya komi ba dama can. Bara da masu odit, wato masu binciken kuɗi, suka zo ba su samu ko dala ta ɓata ba, aka yaba min, amma a raina na ce sa'a ce ba su duba da kyau ba. Abin haushi akwai wani abokin aikina da ya manta bai ba direba bon ɗin esansi ba har mota ta kwana a Kaita, ya ce laihin rezo ne, ya yi dariya ya koma kan shayinshi, in kuwa abu ya yi kyau shi ne gaba wajen cewa ni na yi. Kwantaragina zai ƙare a Disamba. In aje aikin tun kahin a kore ni?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki aje komi, zauna tukuna mu yi lissahi tunda lissahi ne sana'arki.

Shekara 3 wata 36 kenan, in duk wata kina aika rapor to rapor 36 kika aika, nawa aka maido? A wasiƙarki ɗaya na gani. Da wani ne ya kawo miki littahin kes ya rubuta duk abin da ya hita amma bai rubuta ko ɗaya na abin da ya shigo ba ai da kin kore shi daga biro, to haka kike riƙe littahin kanki, yabon odit kin zuba shi a layin sa'a, hwaktir ɗaya kin zuba ta a layin "haka Allah ya yi ni". Kuma masu odit fa ba su zuwa don su ji daɗin kowa, biyansu ake su tono kure, in ba su samu ba to babu ne.

Wannan hali naki an daɗe ana nazarinshi. Akwai wani malamin ilimin halayyar ɗan adam a jami'ar Pensilbaniya ta Amurka, Martin Seligman, shi ya lura cewa in abu ya ɓaci ma mutum akwai abu 3 da yake yanke ma kanshi hukunci a kai ba tare da ya sani ba: abin nan na yau ne ko na kullum, wuri ɗaya ya taɓa ko komi da komi, kuma daga ni ne ko akwai wasu dalilai. Sake karanta maganarki, "ni dai ban taɓa iya komi ba dama can", duka ukun kin haɗa su a numfashi ɗaya, ni, komi, dama can. A 1986 shi da abokin aikinshi Peter Schulman sun bi ma'aikatan kamfanin asirans na Metropolitan Life, aikin da yini ake ana ruhe maka ƙohwa a huska, suka tarar masu ɗaukar ƙi a matsayin abin yau kaɗai sun sayar da kashi 37 cikin 100 hiye da sauran a shekaru 2 na farko, kuma cikin sabbin ɗauka su suka hi daɗewa a aikin. Ba don sun hi wayo ba, a'a, kawai washegari suna sake ƙwanƙwasa ƙohwa ne yayin da ɗayan ke gida yana rubuta demisiyo, wato takardar aje aiki, irin wadda kike shirin yi.

Amma kar ki ce Anti ta ce in koma kamar mai shayi. Wannan bawan Allah barcinshi zai yi daɗi, gaskiya ne, sai dai motar za ta sake kwana a Kaita ko Bouza tunda rezo ba ya zuwa ya gyara halinshi, laihi tudu ne. Shi kanshi Seligman ya ce inda kure ke da tsada ba wurin sakin jiki ba ne, ya ba da misali da matuƙin jirgi. Ni ma da kuɗina ne na hi son kwantabul mai ɗan tsoro, wadda za ta sake ƙirgawa sau biyu. Tsoron nan naki yana da amfani kahin ki aika rapor, bayan kin aika ba shi da aikin yi sai hana ki barci.

Kuren kuma naki ne, kar mu ɓoye. To ya aka yi hwaktir ta shiga sau biyu? Ƙila orijinal ta zo sannan hotokopi ta biyo baya daga ƙauye, ƙila ƙarshen wata ne ana ta kira daga Yamai ga wuta ta ɗauke ga zahin Tawa wanda ba sai na ba ki labari ba. Ki gano wanne ne. In na hwarko ne ki samu kashe, wato hatimi, mai rubutun an biya ki riƙa buga ma kowace takarda, ki jera lambobin hwaktir a Excel ki sa ya nuna miki duk lambar da ta maimaitu, minti 5 ne. Abin da ke da magani irin wannan ba a kiranshi "ban iya ba".

Wani abu da nake yawan gani a birorinmu, mace in an yaba mata sai ta ce ai ba komi ko ta ce sa'a ce, tarbiyya ce aka yi mana ta kawaici kuma tana da kyau a baki, matsalar sai in zuciya ta yarda. Ki ce Alhamdulillahi, amma ki san Allah ta hannunki ya yi, dare nawa kika yi kan takardun nan. Hadisin da ke cikin Muslim ma cewa ya yi ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah kada ka gaza, in abu ya same ka kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru.

Maganar kwantaragi kuwa, ke kika kori kanki, shef bai ce komi ba a abin da kika rubuto. Kwantaragin ƙungiyoyi yawanci kuɗin masu ba da tallahi yake bi, in proje ya ƙare ko gwanin gwanaye sai ya tahi, in an sabunta kuɗi ba a cika sakin kwantabul da ta wuce odit lahiya ba. Ki samu ranar da shef ya huce ki shiga biro ɗinshi ke kaɗai, ki nuna mishi tsarin da kika sa don kar a sake, sannan ki tambaye shi kai tsaye ina aka kwana game da Disamba. In kin ga huska ki ƙara da cewa gaba in akwai gyara ya kira ki gefe, don hwaɗan gaban mutane ɗin nan bai kyauta ba, ko ni ce sai na yi kwana biyu ban ci tuwo da daɗi ba.