Wa ke da Gizon Amurka?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mun yi musu a majalisarmu har an kusa ɓatawa. Ni na ce Spider-Man na kamfanin Marvel ne, tunda ya fito tare da su Iron Man. Abokina ya ce na Sony ne, har ya nuna mana tambarinsu a farkon fim ɗin. Wa ke da gaskiya? Kuma me ya sa ake ta canza jarumin ana maimaita labari ɗaya? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

AMSA: Ƙanena, koma majalisa ka ce kowa ya biya kuɗin shayinsa, don ba wanda ya ci wani. Mu da muka tashi a ƙauye mun san sayar da gona daban, ba da aronta daban, jinginar da ita kuma daban. Da wannan ma'aunin zan auna maka.

Stan Lee da Steve Ditko ne suka ƙirƙiri Spider-Man a 1962, a mujallun zane na Marvel, kuma har gobe gonar ta Marvel ce. Sai dai a shekarun 1990 kasuwar mujallun ta faɗi warwas, har kamfanin ya je kotu a Disambar 1996 ya ce ya karye. A tsakanin waɗannan shekaru na babu ne ya riƙa sayar da izinin yin fim da jarumansa. X-Men suka tafi hannun Fox, Spider-Man ya faɗa hannun Sony a 1999. Izinin fim kawai aka ba su, amma da sharaɗi irin na aron gona: muddin kana noma, taka ce, ka bar ta ta yi saura na wasu shekaru, mai ita ya karɓi abarsa.

Amsar tambayarka ta biyu ke nan. Fim ɗin Tobey Maguire na 2002 ya kawo sama da dala miliyan 800. Wa zai saki irin wannan gona? Da aka yi na uku a 2007, shirin na huɗu ya watse, sai Sony suka ɗauko Andrew Garfield suka sake labarin tun daga cizon gizo-gizo a 2012. Lokaci ne ke bin su a guje.

Akwai wanda ya fi wannan ban dariya. Wani furodusa Bajamushe, Bernd Eichinger, yana riƙe da izinin fim na Fantastic Four, wasu jaruman Marvel, wa'adinsa zai ƙare a ƙarshen 1992 in bai fara ɗauka ba. Ya nemo Roger Corman, gwanin fim mai araha, suka kunna kyamara a watan Disamba, da kuɗin da bai wuce dala miliyan ɗaya ba. An gama fim, 'yan wasa har sun fara zagayen talla, amma bai taɓa shiga sinima ba. Izinin kuwa ya zauna daram. An watsa iri ne don kada a ce ba a yi shuka ba.

Marvel fa? Da suka ga wasu na cika rumbu da gonarsu, su ana yafa musu ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai suka yi ta maza. A 2005 suka ciyo bashin dala miliyan 525 daga bankin Merrill Lynch, suka jinginar da izinin fim na jarumai goma, ciki har da Captain America da Black Panther. Da abin ya ƙi, da sun rasa su. Iron Man ya fito a 2008 ya karɓu, a 2009 Disney ta saye Marvel ɗungurungum a kan dala biliyan 4. X-Men ma sai da Disney ta saye Fox a 2019 kan sama da dala biliyan 71 kafin suka dawo gida.

Sony dai ba ta sayu ba, sai sulhu. A 2015 aka daidaita: Marvel su taya shirya fim, su kuma ari jarumin, shi ya sa ka ga Tom Holland a Captain America: Civil War a 2016. A 2019 ma an ɓata a kan rabon kuɗi, aka shirya bayan kamar wata guda. Tambarin da abokinka ya gani gaskiya ne. Amma kuɗin riguna da jakunkunan makaranta masu hoton Spider-Man na Disney ne. Ina nufin masu lasisi. Na kasuwanninmu kam, Allah kaɗai ya san wanda aka tambaya.

TAMBAYA: Da gaske ne an sayar da Superman a kan kuɗin da bai kai na waya ba? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

AMSA: Da gaske ne, Malama. Dala 130, a 1938. Jerry Siegel mai rubutu da Joe Shuster mai zane, samari ne daga Cleveland, suka sa hannu suka sayar da komai, sayarwa ta har abada. Sun je kotu daga baya, jarumin bai dawo musu ba. Sai a 1975, ana shirin babban fim ɗin da ya fito a 1978, surutun jama'a ya sa kamfanin Warner, mai riƙe da Superman, ya yanka musu dala 20,000 kowanne duk shekara, aka kuma mayar da sunayensu a kan aikin. Lokacin idon Shuster ya kusa tafiya. Shi kuwa cakin da aka biya su dala 130 ɗin nan a cikinsa, an yi gwanjonsa a 2012 a kan dala 160,000.

TAMBAYA: Baba, ni mai zane ce. Ina da wata jaruma da na gina a kan Ƙoƙi matar Gizo, ina sa labarinta a Instagram. Wani furodusa ya ce zai mai da ita fim ɗin katun, zai ba ni kuɗi hannu da hannu, ya ce takarda ba ta da amfani tsakanin 'yan'uwa. Ya zan yi? Daga wata budurwa a Kano.

AMSA: 'Yata, na ji daɗin wasiƙar nan fiye da sauran. Gizo da Ƙoƙi na kowa ne, kakanninmu ba su bar wa kowa takardarsu ba, kowa na iya ɗauka. Amma fuskar da kika zana mata, da kayanta, da labarin da kika ƙaga, naki ne tun ranar da kika sa su a takarda. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ce miƙa haƙƙi, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Kin ga rashin takarda shi ma furodusan ba zai yi masa daɗi ba ranar da aka je gaban alƙali. Allah ma da kansa, a aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cewa ya yi a rubuta bashi, ga shi kuwa da muminai yake magana.

Ni da ke 'yata ce ta cikina, ba zan bari ki sayar ba. Ki ba da aro. A rubuta fim nawa, shekara nawa, kuma in bai fara aiki cikin wa'adin ba jarumar ta dawo hannunki. A rubuta cewa littafi da riguna da kayan wasan yara ba sa ciki, don sau da yawa nan kuɗin yake. In za a ba ki kaso, ya zama daga abin da ya shigo, kada ki yarda da "riba", don na sha ganin fim ya cika gari amma littafin lissafi ya ce asara aka yi. Sunanki kuma ya fito a allo. Kafin ki sa hannu ki kai wa lauya ya karanta, ki kuma ajiye zanenki na farko masu kwanan wata. Ki turo mini shafi biyu in ga yadda kika yi da Ƙoƙi, don tun ina yaro nake ganin tatsuniya ba ta yi mata adalci ba.