Shin manomi "ma'aikaci" ne? Da batun taron tsintsiya

Wani mai karatu daga Kumo ya rubuto cewa ya ji a rediyo ana maganar ƙaruwar "yawan ma'aikatan ƙasa". Mahaifinsa ya shekara arba'in yana noman masara da wake, bai taɓa karɓar albashi ba. Yana tambaya: shi ma yana cikin lissafin?

Ɗan'uwa, baba yana ciki, muddin yana kai amfanin gonarsa kasuwa. Kalmar ce ta ruɗe ka, kuma ba laifinka ba ne. "Ma'aikaci" daga "aikata" ta fito, aka sa mata "ma-" a gaba, kamar yadda "rubuta" ta haifi "marubuci". A asali duk mai aikata wani abu ma'aikaci ne. Amma tun zuwan En'e da ofisoshin gwamnati kalmar ta tsuke, har ta zama idan an ce ma'aikaci a Gombe, wanda ke jiran ƙarshen wata ake nufi. Je ka kasuwar hatsi ka kira ɗan dako ma'aikaci ka ga kallon da zai yi maka.

Bahaushe ba ya tara masu aiki a kwando ɗaya, kowa da sunansa. Ɗan gandu yana noma ƙarƙashin mahaifinsa ko yayansa. Ɗan ƙwadago ana biyansa ladan yini a gonar wani, ɗan jinga kuma a yi tsada da shi kan aikin dungurungum. Ga 'yar aikatau, ga ɗan ci-rani da ke barin gida bayan kaka. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda "ƙwadago" ta sami ɗaukaka: kalmar bakin gona ce, amma yau Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ita ke magana da yawun malaman makaranta da ma'aikatan jinya.

"Lebura" kuwa baƙuwa ce, daga Turanci aka aro ta, ta zauna a bakinmu tare da aikin haƙar kuza a Jos da shimfiɗa layin dogo, wanda ya iso Gombe a 1963. Tsofaffi na da wata kalmar mai ɗaci, "ɗiban gwamna", wato mutanen da aka kwasa dole zuwa ramukan kuza tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

To, abin da masu ƙididdiga ke ƙirgawa ya haɗa duk waɗannan, har da wanda ba shi da aiki amma yana nema. Ɗalibi da tsohon da ya ajiye fartanya ba sa ciki. Shi ya sa ban gamsu da "majiya ƙarfi" da wasu ke cewa ba, domin ɗan jami'a majiyin ƙarfi ne amma ba a lissafa shi. Ni dai "masu aiki da masu neman aiki" nake cewa. Ta yi tsawo, amma ba ta ɓatar da kowa.

Wata malama daga Azare kuma ta ce, tunda jama'a na ƙaruwa, ashe karin maganar nan "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" ta tabbata a kanmu?

Malama, yawa kam akwai shi. Ƙidayar 1963 ta ba da mutum kusan miliyan 56, ta 2006 ta ba da miliyan 140, hannuwan aiki kuma sun bi sahu. Sai dai karin maganar nan 'yar gayya ce, inda kowa ya zo da fartanyarsa kuma gonar na nan tana jira. Bakin da ya faɗe ta shi ya ce "taron tsintsiya ba shara", domin ya san ana iya taruwa a tashi ba a share ko zaure ba.

Ki kuma lura da ma'anar da aka ba "aiki" kafin ki karɓi adadi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A 2023 ta sauya ma'auni: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don lada ko riba ya zama mai aiki, alhali a da sai ya cika awa 20. Nan take adadin ya koma kashi 4.1. Saurayin da ya yi lodin mota sau ɗaya a tashar Azare, sauran kwana shida yana kan benci a majalisa, a takarda mai aiki ne. A unguwarsu kuwa har gobe "zaman kashe wando" za a ce yana yi.