Hukuncin sabunta bashin gida don rage kuɗin ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi gida da bashin banki mai kuɗin ruwa, a lokacin ban damu da hukuncinsa ba, yanzu kuwa abin yana damuna. Sauran 200,000 a kaina, ruwa kashi 7 cikin ɗari, shekara 20 suka rage. Wani banki ya ce zai biya min tsohon bashin ya buɗe sabo a kan kashi 5.5, shekara 30, har ya ƙara min kuɗi in gyara gidan. Abokina ya ce ai malamai a Turai sun halatta. Ya halatta in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, wannan damuwa da kake ji alheri ce, Allah ya ƙarfafa ta. Haramcin ba da kuɗin ruwa ka riga ka san shi, ba zan tsaya a kansa ba.

Tayin nan yadda aka kawo maka shi bai halatta ba, kuma abin da ya ɓata shi shekara 30 ɗin nan ce. Ka ɗauki alƙalami. Idan ka zauna a kan tsohon bashin, kana biyan kusan 1,550 a wata, kuɗin ruwan da ya rage maka kusan 172,000 ne. Idan ka koma kashi 5.5 na shekara 30, biyan wata ya sauko kusan 1,135, sai ka ji kamar an sauke maka kaya, amma ruwan da za ka biya zai kai kusan 209,000. An rage maka kaso, an ƙara maka haram. Da sabon bashin shekara 20 ne, ruwan kusan 130,000 zai zama. To wannan na ƙarshe shi kaɗai nake ganin akwai sauƙi a cikinsa, a kan ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, ga wanda ba shi da halin biya gaba ɗaya, bai sami hanyar Musulunci ba, kuma sayar da gidan zai jefa iyalinsa cikin ƙunci na gaske. Akwai malaman da suka hana ko da wannan, domin sabon ƙulli ne, kuma maganarsu tana da ƙarfi. Kuɗin gyara kuwa sabon bashi ne na ruwa da ka nema da ganganci bayan ka sani. Babu uzuri a ciki.

Sai maganar abokinka. Gaskiya ne Majalisar Fatawa da Bincike ta Turai ta fitar da fatawa a 1999 tana sauƙaƙa wa Musulmin da ke zaune a ƙasashen da ba na Musulmi ba su sayi gida da irin wannan bashi. Amma mutane suna haddace kan fatawar su watsar da sharuɗɗanta: gidan zama ne, mutum ba shi da wani, ba shi da kuɗin saye, kuma babu wata hanya ta halal. Kai gida ka riga ka samu. Ina gyaran ɗaki ya shiga nan?

Sannan ita kanta fatawar ta jingina, a wani ɓangare, da ra'ayin Imamu Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ɗan Hasan cewa babu riba tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba a ƙasar yaƙi, wato ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da babu alkawarin aminci tsakaninta da Musulmi. Hujjarsu ruwaya ce daga Makhul wadda isnadinta bai sadu da Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ba, kuma Imamu Shafi'i ya ce ba ta tabbata ba. Abu Yusuf, babban almajirin Abu Hanifa, bai bi malaminsa a kanta ba, haka jumhurun malamai. Ko a cikin Hanafawa, Ibnul Humam ya ambata cewa malamansu sun taƙaita halaccin ga inda ƙarin zai shiga hannun Musulmin ne. Kai kuwa kai ne mai biya. Ta yaya kuma mutum zai kira ƙasar da yake zaune cikinta da aminci da alkawari ƙasar yaƙi, don kawai banki ya buɗe masa ƙofa? Ba na zargin niyyar malaman nan, sun dubi wahalar mutane ne, amma ra'ayin bai kai ya ɗauki nauyin da ake ɗora masa ba.

Kafin ka sa hannu a ko'ina, fara neman cibiyar da ke ba da kuɗin gida ta hanyar tarayya, inda za ta sayi kaso a gidan, kana biyan hayar kasonta kana saye kaɗan-kaɗan. Ko biyan watan ya ɗan fi, idan za ka iya, komawa can ya wajaba a kanka. Amma ka kai takardun ga malami masani ya duba: shin cibiyar ta mallaki kason da gaske, kuma ina tarar jinkiri take zuwa? Idan ba ka samu ba, tambayi bankinka na yanzu ko zai rage kason a kan tsohon ƙulli, wannan ya fi tsabta. Ka kuma lissafa kuɗin takardu da tarar biyan bashi kafin wa'adi, sau da yawa su suke cinye ragin.

Duk abin da ragin ya bar maka a wata, ka mayar da shi kan uwar kuɗin, kada ya zama kuɗin mota. Kada kuma ka jawo matarka ko ɗan'uwanka su sa hannu ko su yi shaida, domin la'anar da ta zo a hadisin Jabir a kan mai cin riba da mai ba da ita ta haɗa da marubuci da shaidu. Ka rubuta adadin bashin ka sanar da magadanka tun yanzu.

Allah ne mafi sani.